Mai Su Don Ci Da Mai Su Don Wasa

Su tsohuwar sana'a ce, kuma ba a taɓa jin wanda ya tare masunci a bakin kogi ya tambaye shi abin da ya kai shi ruwa ba. Kowa ya san dalili. Iyali na gida suna jiran abinci, kasuwa kuma na jiran kifi. Amma a ƙasar Kanada, can arewa da Amurka, akwai wani irin su wanda in an ba masuncin Argungu labarinsa sai ya yi tsammani tatsuniya a ke yi masa. Mutum ya kan bar gidansa, ya yi tafiyar ɗaruruwan mil a mota, ya biya kuɗi masu yawa a ɗauke shi a jirgin sama, a kai shi wani tafki a tsakiyar daji inda ba hanya ba gari. Ya kwana bakwai yana kama kifi tun safe har magariba, kuma kusan duk wanda ya kama sai ya cire masa ƙugiya ya mai da shi ruwa. Ran komowa gida ba ya ɗauke da kome sai hotuna. Shin ya halatta ga mutum ya mai da abin da ya ke abinci ga wani, kuma rai ga wata halitta, abin wasansa? Ba a iya amsa wannan tambaya sai an san yadda abin ya ke gudana.

Lardin Ontariyo kaɗai ya fi Nijeriya duka girma, tafkunan da ke cikinsa kuwa sun wuce 250,000. Masana sun ce fiye da shekara dubu goma da suka wuce wata ƙanƙara mai kaurin gaske ta rufe wannan ƙasa, tana jan ciki a hankali tana kankare duwatsu. Da ta narke sai ramukan da ta bari suka cika da ruwa. Shi ya sa arewacin lardin duk dutse ne da fadama da ruwa, da dogayen itatuwa masu ganye kamar allura. Yin hanya a irin wannan wuri sai an fasa dutse an cike fadama, saboda haka tafkuna da yawa har yau ba motar da ta taɓa isa bakinsu. Wajen rabin shekara ruwan a daskare ya ke. Sai cikin watan Mayu ƙanƙara ke narkewa, daga nan zuwa Satumba ne lokacin baƙi.

Ba don kifi jirgin sama ya fara shiga wannan daji ba. A 1924 gwamnatin Ontariyo ta kafa ma'aikatar jiragen sama don tsaron gobarar daji, a 1925 kuma aka sami zinariya a Red Lake, mutane suka yi ta kwarara can. Da ya ke ba filin sauka, sai aka cire wa jirage ƙafa aka ɗaura musu waɗansu dogayen kwalekwale biyu rufaffu, kowane tafki ya zama filin jirgi. Wanda ya fi suna cikin irin waɗannan jirage shi ne Beaver, na kamfanin de Havilland da ke Toronto, wanda ya fara tashi a watan Agusta 1947. Kafin a ƙera shi sai da kamfanin ya tambayi matuƙan daji abin da su ke bukata. Suka nemi jirgin da zai tashi a ɗan gajeren ruwa da kaya masu nauyi, mai ƙofar da gangar man fetur za ta shiga. Aka yi musu haka. An ƙera guda 1,657 kafin a daina a 1967, kuma ɗaruruwa daga cikinsu suna aiki har yanzu, waɗansu sun girmi uban matuƙinsu. Bayan Yaƙin Hitila matuƙa suka yi yawa, Amurkawa kuma suka sami kuɗi da hutu, to, daga nan ne sana'ar kai baƙi su ta kafu sosai.

Masaukan iri biyu ne. Akwai babba, mai kuku da ma'aikata da 'yan ja-gora. Akwai kuma ɗan ɗakin katako guda ɗaya tak a bakin tafki, wanda mai shi ya karɓi izinin ginawa daga gwamnati, gama kusan duk ƙasar arewa a hannunta ta ke. Abokai huɗu ko shida su kan taho daga Shikago ko Minesota, su kwana a wani gari kamar Red Lake ko Kenora ko Nakina. Da asuba a auna su a sikeli, su da kayansu, don jirgi ba ya ɗaukar abin da ya fi ƙarfinsa. A tashi, a yi rabin sa'a ko sa'a guda bisa daji, a sauka. Matuƙi ya nuna musu ɗaki da murhu da kwalekwale masu inji, ya gargaɗe su kada su bar ragowar abinci a waje saboda beyar, wata baƙar dabba mai ƙarfi da kwaɗayi, ya ce sai ran Asabar, ya tashi. In ƙarar jirgin ta ɓace ba sauran motsi sai na ruwa da tsuntsaye da sauro, sauron kuwa ba kaɗan ba. Kuɗin mako guda ga mutum ɗaya ya kan wuce dala dubu, a manyan masaukai kuwa ya ninka haka sau da yawa.

Da fatsa su ke su, ba koma ba taru. Kifin da suka fi nema uku ne: wolai, mai manyan idanu fari-fari, wanda ya fi daɗin ci, faik, dogo mai haƙora kamar tsage, da turawut na tafki, mai son zurfi da sanyi. Da tsakar rana su kan tsaya a wani tsibiri, su hura wuta, su soya biyu ko uku su ci nan take. Wannan kalaci na bakin ruwa shi ne abin da baƙi suka fi tunawa in sun koma gida.

Mai saurin hukunci zai ce duk wannan almubazzaranci ne, abin da ƙoshi ke sa mutum. Lalle da ƙoshi a ciki, mayunwaci ba ya sakin kifi. Amma in an tsaya a nan an zalunci mutanen. Da yawansu ba attajirai ba ne. Akwai makaniki da malamin makaranta, wanda ya kan yi shekara yana tari don mako gudan nan. Mutumin da ya shekara cikin hayaniyar birni, agogo na korarsa, waya na kiransa dare da rana, in ya nemi wurin da zai ji shiru ba a ce ya haukace ba. Ko jaki a kan sauke masa kaya ya yi birgima. A can ne uba ke samun kwana bakwai da ɗansa ba mai shiga tsakani, tsofaffin abokai da zamani ya raba su komo ɗaki ɗaya, kowa ya ɗebo ruwa, kowa ya faskara itace, ba babba ba yaro. Wanda ya kwana inda taimako ya ke da nisan sa'a guda a jirgi, in ma hadari ya bar jirgin ya tashi, ya kan gane ƙanƙantarsa, ganewar nan kuwa ba ta taɓa cutar da kowa ba. Ga kuma abincin mutane da yawa a ciki, matuƙa da makanikai da masu kanti da masu wanki. An ga haka a fili a 2020, sa'ad da aka rufe iyakar Kanada da Amurka saboda annobar korona, masaukai suka zauna wayam, ƙananan garuruwan arewa suka sha wuya.

Saboda haka hutu ba laifi ba ne, tafiyar ma ba laifi ba ce. A bakin ƙugiya maganar ta ke. Malaman fiƙihu sun daɗe da duba irin wannan. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya tarar an raba farauta biyu, an halatta wadda a ke yi don bukata, an karhanta wadda a ke yi don wargi kawai. Barewar ɗaya ce, kibiyar ma ɗaya ce, niyyar maharbi ce ta raba hukuncin. An kuwa ce makaruhi, ba a ce haram ba, watau abin da barinsa ya fi yinsa ga mai son ya tsare mutuncinsa. To, amma maharbin da malaman nan su ke zance kashewa ya ke yi. Mai fatsa na Kanada zai ce shi bai kashe ba, saki ya yi.

Sakin nan kuwa da dalilinsa. Ruwan arewa sanyi gare shi, abinci kaɗan, kifi ba ya girma da wuri. Turawut ya kan yi shekara shida ko bakwai, can arewa ma fiye da goma, kafin ya fara ƙwai, babba kuwa ya kan kai shekara talatin ko arba'in. A zamanin farko baƙi su kan cika akwatunan ƙanƙara da kifi su tafi da shi gida, su ɗauki hoto da manya rataye a igiya. Ba a daɗe ba aka ga tafkin da aka ɗebe manyansa ba ya farfaɗowa da wuri, gama manyan matan nan su ne masu ƙwai da yawa. Shi ya sa hukuma ta ƙayyade yawan kifin da mutum zai riƙe da tsawonsa. Lardin Manitoba kuma tun 1990 ya hana ƙugiya mai kunne, watau 'yar ƙayar nan da ke hana ta fita, don a iya cire ta ba a yaga bakin kifi ba. Masu masaukai da yawa sun ƙara nasu sharaɗi, a ci ƙanana a saki manya. Ba don wannan ba da tuni an share tafkuna da yawa.

Abin mamaki, abin da doka ta ke yabo a Kanada shi doka ta ke hukuntawa a Jamus. Dokar kare dabbobi ta Jamus ta hana a cutar da dabba ba da dalili mai ƙarfi ba. Ci dalili ne a wurinsu, nishaɗi ba dalili ba ne, har an ci waɗansu tara don sun kama babban kifi sun ɗauki hoto sun sake shi. Suwizalan ma tun 2008 ta hana mutum ya jefa ƙugiya da niyyar sakin abin da ya kama. Ko kifi yana jin zafi? A 2003 wata masaniya, Lynne Sneddon, da abokan aikinta a Edimbara suka nuna akwai jijiyoyin da ke ɗaukar ciwo a fuska da leɓen wani irin turawut, kuma in an sa masa abu mai zafi a leɓe ya kan daina ci, ya riƙa goga bakinsa a tsakuwa. Waɗansu masana suka musa, suka ce ƙwaƙwalwar kifi ba ta da sashen da ke mai da wannan ya zama azaba irin ta mutum. Gardamar ba ta ƙare ba. Amma wanda ya ga yadda kifi ke fizge-fizge a kan ƙugiya, kuma ya san fizge-fizgen nan shi ne ainihin daɗin da mai fatsa ya biya kuɗi ya zo nema, da wuya ya ce ba kome. Ban da haka, ba duk wanda aka saki ke rayuwa ba. Wanda ƙugiya ta shiga masa maƙogwaro, ko aka jawo shi da sauri daga zurfi, ya kan mutu daga baya inda ba mai gani.

Duka dokokin nan biyu masu hankali ne suka yi su. Bajamushe ya dubi kifi guda ya tausaya masa, mutumin Kanada ya dubi tafki duka ya tsare shi. Akwai wata hanya da ba a cika faɗi ba, don ba ta kawo ciniki. Mutum ya kama abin da zai ci, in babba ta faɗo ya sake ta saboda tafki, sa'an nan ya naɗe fatsarsa ya zauna ya dubi ruwa, tun da ya ce shiru ya zo nema. Wanda ya ke ƙirga kifi ɗari a yini don ya yi fahariya a gida, shi kam ba shi da mafaka ko a Risala ko a Jamus, a Kanada ma takardar lasin kaɗai ta rufa masa asiri. 'Yan asalin ƙasa da yawa, musamman a Yukon da Alaska, suna ganin kama kifi a saki wasa da abinci ne, abin da a ke tsawata wa yaro a kansa. A ganinsu kifi ba da kansa ya yi, mai da shi ruwa raina kyauta ne.

Ambaton 'yan asalin ƙasa ya kawo zance ga abin da ya fi na kifi nauyi. Takardun talla na masaukan nan su kan ce daji ne da ba kowa, ruwan da ba a taɓa jefa masa ƙugiya ba. Wannan ita ce ainihin hajar da a ke sayarwa, kifi gyara ne kawai. Haja ce kuwa mai wuyar ajiya, gama kowane mai saye yana rage ta. Don haka masu masaukai ke faɗa da kamfanonin katako a kan hanya. Ran da hanyar ɗaukar gungume ta iso bakin tafki, ran nan kuɗin ɗakin ya faɗi. Sau da yawa gwamnati ta kan raba gardamar da rufe hanyar ga masu motoci, ko ta sa a cire gada bayan an gama sara. Sai ma'aikacin garin, wanda aka haifa nan, mai tsohuwar mota da ɗan kwalekwale, ya tarar an tsare masa tafkin da baƙo ke sauka a kansa daga sama. Ya ce ƙasar ta kowa ce, da me mai kuɗin jirgi ya fi shi? Mai masauki ya ce in an buɗe wa kowa, bayan 'yan shekaru ba mai samun kome. Kowannensu yana da gaskiyarsa. Amma a lura, shingen da aka yi da tsada talaka kaɗai ya ke tarewa.

Sa'an nan kuma dajin bai taɓa zama ba kowa ba. Ƙabilun Ojibwe da Kiri, waɗanda Turawa suka laƙaba wa sunan Indiyawa bisa kuskure, suna zaune a bakin ruwayen nan tun kafin Bature ya san akwai ƙasar, tafkuna da sunayensu a harshensu, kowane yanki da iyalin da ke kafa tarko a cikinsa. A 1873 shugabannin Ojibwe suka ƙulla alkawari da wakilan Sarauniya Biktoriya a bakin tafkin Lake of the Woods, shi a ke kira Alkawari na Uku. Na Tara ya biyo a 1905 don ƙasar da ke can arewa. Takardar Turawa ta ce sun sallama ƙasa, su kuwa suka ce zama tare suka yarda da shi, amma duka ɓangarorin sun amince an yi musu alkawarin ci gaba da farauta da su. Duk da haka shekara da shekaru ma'aikatan daji suka riƙa kama su suna ƙwace tarunsu. Sai a 1990, a shari'ar wani masunci mai suna Ronald Sparrow, can yamma a bakin teku, Kotun Ƙoli ta Kanada ta yanke cewa bayan kiyaye irin kifi kada ya ƙare, ɗan asalin ƙasa mai su don ci shi ne a gaba, mai wasa da mai ciniki su biyo baya.

Su ne kuma 'yan ja-gora a manyan masaukai da yawa. Baƙo yana jin ya shiga inda ba a taɓa shiga ba, alhali mutumin da ke riƙe da injin kwalekwalensa a nan kakarsa ta haifi uwarsa. Shi ya san inda kifi ke kwana, shi ke gyara shi, shi ke soya kalacin bakin ruwa ya ci tare da baƙi.

Akwai wani Ba'amurke matuƙin jirgin sama, Barney Lamm, da matarsa Marion, waɗanda bayan Yaƙin Hitila suka gina masauki a Ball Lake, a kan kogin English, arewa da Kenora, ya zama ɗaya daga cikin mafi suna a lardin. Ma'aikatansu da yawa Ojibwe ne na ƙauyen Grassy Narrows, maza suna ja-gora, mata suna aikin ɗaki da na dafuwa. Can sama da su, a garin Dryden, a bakin kogin Wabigoon da ke zuba cikin English, akwai ma'aikatar takarda ta kamfanin Reed na Ingila, wadda ke amfani da zaiba wajen haɗa maganin faranta takarda. Daga 1962 zuwa 1970 aka zubar da kimanin kilo 9,000 na zaiba a kogin. Zaiba in ta kwanta a laka, waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani su kan juya ta ta zama dafi mai shiga jiki ba ya fita da wuri. Ƙwaro ya ci, ƙaramin kifi ya ci ƙwaro, babba ya ci ƙarami, dafin na taruwa, har ya zama kifin da ya fi girma da kyan gani shi ya fi dafi. Ba ya wari, ba ya sauya ɗanɗano, wuta ba ta kashe shi. Wanda ya daɗe yana ci sai hannu da ƙafa su riƙa mutuwa, gani ya ƙuntata kamar na mai leƙe ta bututu, jiki ya riƙa rawa, tafiya ta gagara. Ya kan shiga jariri tun yana ciki. Ita ce cutar da aka fara ganewa a Minamata ta ƙasar Japan a 1956.

A 1970 abin ya bayyana. Gwamnatin Ontariyo ta hana kamfanin zubar da zaiba a ruwa, ta kuma hana su na sayarwa a kogin. Hana sayarwar ya zama tilas, kada dafin ya shiga kasuwa, ko da ya ke ya yanke wa mutanen Grassy Narrows da na Whitedog sana'arsu. Amma ba ta hana su na wasa ba. Sai ta kafa alluna a bakin ruwa masu cewa a kama kifi don nishaɗi kawai, kada a ci. Mai karatu ya tsaya ya dubi wannan tsari da kyau. Ruwa ɗaya, kifi ɗaya, wanda ke su don ya rayu an hana shi, wanda ke su don ya yi dariya an bar shi. Hukuncin Risala ke nan an kifa shi. Kuma allo bai hana kalacin bakin ruwa ba. Baƙo ya ci kwana bakwai ya koma Shikago, a hankali jikinsa ya fitar. Ja-gora kuwa ya ci yau, mako mai zuwa ya ci da sabon baƙo, tun Mayu har Satumba, ya kai saura gida wurin 'ya'yansa.

A wannan shekara Lamm ya rufe masaukinsa, don bai yarda ya ciyar da mutane kifin da ya san da dafi ba. Shi da matarsa suka kashe kuɗinsu wajen kawo masana su auna kifin, suka kai kamfanin ƙara. Marion kuma ta yi shekaru tana tara takardu a kan zaiba, waɗanda daga baya aka ajiye a Jami'ar Harvard. Waɗansu masu masaukai a kogin suka ci gaba da aiki, har da masu jin haushinsa don ya ɓata sunan yankin. Hujjarsu ba ta banza ba ce ɗungum. In kowa ya rufe, ina ja-gora zai sami albashi? Kuma lalle rufe Ball Lake ya jefa iyalai da yawa cikin rashin aiki, a ƙauyen da gwamnati ta riga ta tayar daga tsohon mazauninsa a farkon shekarun 1960. Talauci da giya da baƙin ciki suka shiga, aka yi hasarar rayuka. To, wa ya kyauta? Wanda ya rufe ya hana su albashi, wanda ya buɗe ya biya su albashi su ci dafi. Amma da bambanci a tsakani. Lamm da aljihunsa ya fara, ya yi hasarar abin da ya yi shekara ashirin da wani abu yana ginawa, hanyar da ya bi ba ta amfane shi da kome ba. Sauran kuwa, tausayin da suka ce suna yi wa ma'aikata ya zo daidai da ribarsu, irin wannan tausayi ya kamata mai shi ya tuhume shi kafin wani ya tuhuma. Yunwar da ta biyo bayan rufewa ba a wuyan Lamm ta ke ba, tana wuyan wanda ya zuba dafin da wanda ya yi jinkirin biyan diyya.

Baƙon fa? Shi bai zuba zaiba ba, bai rubuta allo ba, ya biya kuɗin jirgi da na ɗaki da na lasin. Amma abin da ya saya shi ne ya ji ba kowa a dajin, wannan ji kuwa ba ya tsayawa sai in mai shi bai yi tambaya ba. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wanda ya ji daɗin ruwan mutane, ya ci abin da hannunsu ya soya, ya wajaba ya san ko ruwan na wane ne, da wane alkawari aka shiga shi, me ja-gora ya ke ci in baƙi sun tafi. A yau akwai masaukai a arewacin Kanada waɗanda 'yan asalin ƙasa ke da su da kansu, su ke sa sharaɗin yawan baƙi da yawan kifi. A irin wannan wuri wanda ke riƙe da inji mai masauki ne ba bara ba, mai sauka daga jirgi kuma ya san a gidan wani ya sauka.

A 1975 wani likita daga Japan, Masazumi Harada, wanda ya daɗe yana duba marasa lafiyan Minamata, ya zo Grassy Narrows da Whitedog ya ga alamun cutar a jikin mutane, ya kuma sake komowa bayan shekara ashirin da wani abu ya tarar abin bai tafi ba. Sai a 1985 kamfanonin takarda biyu da gwamnatoci biyu, ta lardi da ta tarayya, suka yarda su biya ƙauyukan wajen dala miliyan 17 ta Kanada. A 2017 Ontariyo ta ware dala miliyan 85 don gyaran kogin. A 2024 masana na Jami'ar Western suka nuna ruwan dattin da ma'aikatar Dryden ke zubarwa, ko da ya ke ba zaiba a ke zubawa ba, yana ƙara juya tsohuwar zaibar da ke laka ta zama dafi. A watan Yuni na wannan shekara mutanen Grassy Narrows suka kai gwamnatocin biyu ƙara, suna cewa an karya Alkawari na Uku, gama har lokacin ba a kwashe zaibar daga kogin ba.